Wanda ya bar aiki, ina makullinsa?



Babu ɗan kasuwar da zai sallami yaron kanti ya bar masa makullin magaza a aljihu. Amma abin da ba a yi da makullin ƙarfe, ga shi ana yin sa kullum da makullin kwamfuta, har a ƙasashen da suka ƙera ta.

Bankuna da kamfanonin tarho da ma'aikatun gwamnati suna ajiye lissafinsu cikin manyan gidaje cike da na'urori, waɗanda ake kira rumbunan bayanai. Na'urorin sun yi yawan da ba a iya bin su ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa aka ƙirƙiro manhajoji irin su Ansible da Terraform, masu ba mutum guda ikon kunna na'ura ɗari ko share su da umurni ɗaya. Duk mai shiga wannan manhaja yana da kont nasa, watau suna da kalmar sirri, kuma a kan kont ɗin ake rubuta iyakarsa: wane ya duba kawai, wane ya gyara, wane ya share. To, wa ke rufe kont ɗin ranar da mai shi ya tafi?

A watan Afrilu na 2018 wani injiniya ya ajiye aiki a kamfanin Cisco na Amurka. A watan Satumba, wata biyar bayan tafiyarsa, ya sake shiga rumbun kamfanin ba da izini ba, ya saki umurnin da ya share na'urori 456. Kont fiye da 16.000 na masu amfani da Webex Teams suka tsaya, wasu har mako biyu. Gyara da maida wa abokan ciniki kuɗinsu sun ci wa kamfanin wajen dalar Amurka miliyon 2,4. Kotu ta ɗaure shi shekara biyu a 2020, amma ɗauri bai maido da hasara ba.

A 2021 kuma, ƴan damfara suka kutsa cikin kamfanin Colonial Pipeline, mai bututun da ke kai kusan rabin man da gabashin Amurka ke sha. Ba su fasa ƙofa ba. Wani tsohon kont suka samu, wanda ba a aiki da shi amma ba a rufe ba, kalmar sirri ɗaya ce tsaronsa. Bututu ya tsaya wajen kwana biyar, motoci suka yi layi a gidajen mai, kamfani ya biya fansar dala miliyon 4,4. Gaskiyar Bahaushe: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kada kuma a ce maganin shi ne a damƙa makullai duka ga amintacce guda. Birnin San Faransisko ya gwada haka. A 2008 injiniyan da ke riƙe da kalmomin sirrin hanyar sadarwar birnin shi kaɗai ya ƙi miƙa su ga shugabanninsa. Sai da magajin gari, Gavin Newsom, ya taka da ƙafarsa har gidan kaso kafin ya karɓo su.

Mu ma wannan magana ta shafe mu, tun da albashi da haraji da takardun duwan suna komawa cikin na'ura. A ma'aikatunmu canjin wurin aiki ba ya ƙarewa: yau mutum na Tawa, baɗi yana Damagaram, wani ya yi ritaya, wani ya rasu. Ranar miƙa aiki ana ƙidaya kujeru da kabad da hatimi, a sa hannu a takarda. Ya kamata kont ya shiga wannan ƙidaya, a rufe shi a ranar, ba sai an tuna ba.

Sauran ƙa'idodin ba su da tsada. Kowa da kont nasa; kalmar sirri ɗaya da biro duka ya sani ba sirri ba ce, kuma in kuɗi sun ɓace babu wanda za a tambaya. A ba kowa iko daidai aikinsa, mai karɓar kuɗi ba shi da hurumin share rajista. A ƙara makulli na biyu, kamar lambar da ake aikowa ta salula. Babban makulli ya kasance hannun mutum biyu aƙalla. Bayan kowane wata uku, darekta ya sa a kawo masa jerin sunayen masu shiga, ya gwada shi da jerin masu karɓar albashi. Sunan da ke cikin na farko babu shi cikin na biyu, a tambayi dalili.

Wani zai ce wannan rashin yarda ne da mutane. A'a. Alhajin da ke ƙirga kaya gaban yaronsa ba ɓarawo ya ɗauke shi ba, kare shi ya yi daga zargi. Ma'aikacin kirki da ya tafi aka bar kont ɗinsa buɗe, da sunansa za a yi ɓarnar, shi kuma za a fara nema.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.