Nasiha ga 'Yan'uwa a kan Masai da Rijiya

Da sunan Allah muke farawa, gare shi muke neman taimako, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, wannan takarda ce zuwa ga malamai da almajirai na Unguwar Hajji da sauran ƙauyukan ƙasar Karaye da Rogo, a kan masai da kwatami da rijiya. Kada wani ya ce zancen ƙazanta bai dace da bakin malami ba, domin cikin Ahalari da Ishmawi da Risala babin tsarki yana gaba da babin salla.

Ku sani, ya ku 'yan'uwa, a mazhabar Maliki ruwa yana zama najasa idan ƙazanta ta sāke launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa. Wannan hukunci gaskiya ne, amma hukuncin alwala da wanka ne. Mutanenmu sun ɗauke shi sun mai da shi hukuncin sha, sai ka ga mutum ya ja guga, ya duba, ya shaƙa, ya ce garau yake, ya ba 'ya'yansa. Alhali ƙwayar cutar amai da gudawa, wadda likitoci ke kira kwalara, ido ba ya ganinta, hanci ba ya jin warinta. Ruwa yana halatta ga alwala, kuma shi ɗin ya kashe mai shansa kafin kwana biyu.

An gane haka a birnin Landan a 1854, sa'ad da wani likita, John Snow, ya bi gidajen mamata ya iske daga rijiya ɗaya suke sha, daga baya aka tarar da ramin ƙazanta dab da ita yana yoyo cikinta. Cutar ta shigo Nijeriya a 1970. A 2021 ta kama fiye da mutum 100,000 a ƙasar nan, fiye da 3,000 suka rasu, Kano kuwa tana cikin jihohin da suka fi shan wuya. Ga marka ta fi ƙarfi, lokacin da ƙasa ta ƙoshi, ruwan masai da na rijiya suka sadu a ƙarƙashinmu.

Masana sun ce a bar mita 30 tsakanin masai da rijiya, wato kamar kamu 60, kuma kada gindin ramin ya kai ga ruwa. To, ya kai ɗalibi, auna gidanku ka gani. Gida nawa ne ke da faɗin kamu 60? Kai ka nisanta masanka daga rijiyarka, ka kai shi jikin katanga, bayan katangar kuwa rijiyar maƙwabcinka ce. Shi ma haka ya yi maka. Saboda haka nake cewa gida ɗaya ba ya iya tsare wannan haddi shi kaɗai. Al'amarin na unguwa ne, hakkin maƙwabtaka ne, kuma shari'a ta hana cutar da maƙwabci ko da cikin mallakarka kake aiki. Haka nan ruwan wanka da na wanki da ake sakewa ta rariya zuwa lungu ba tare da kwatami ba, masallaci ya taka, yaro ya yi wasa ciki.

In ka ce wannan aikin hukuma ne, sai in ce hukuma ta gwada hanyoyinta. Zamanin En'e duba-gari ya shiga gidaje da tara, mutane suka koyi ɓoyo, ba su koyi dalili ba. Zamanin siyasa kuwa mai neman ƙuri'a yana son rijiyar burtsatse domin ana rubuta sunansa jikinta, ba mai son a rubuta sunansa jikin masai. A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan umarnin hana bahaya a fili, aka yanka 2025 wa'adi. A 2022 aka shaida maƙwabciyarmu Jigawa ta riga kowace jiha cika wannan sharaɗi. Ƙasarsu ba ta fi tamu dukiya ba.

In ka ce kakanninmu daji suke zagawa, sai in ce dajin ya ƙare, gona ta zo bakin ƙofa, jama'a ta ninka. Kuma Abu Dawuda ya ruwaito hani ga yin bahaya a mashaya da tsakar hanya da inuwar da mutane ke zama. In ka ce ajali ne, sai in ce Sayyidina Umaru ya fi mu sanin ƙaddara, amma da ya ji annoba ta sauka Sham ya juya da jama'arsa.

Mafi nauyin magana tana kanmu malamai. Wanda ya karɓi almajirai daga hannun iyayensu bai haƙa musu masai ba, ya tura su bayan gari da bakin kududdufi, amanar da ya karɓa za a tambaye shi. Yaron da ya karanta ladubban biyan bukata a allo, sa'an nan ya rasa wurin biyanta, me muka koya masa?

Ga abin da nake kira gare shi. Na fari, kada a haƙa masai ko rijiya sai mai unguwa da liman da maƙwabta sun tsaya an auna. Na biyu, kowane masai ya sami murfi saboda ƙuda, a riƙa zuba toka, a ajiye sabulu kusa da buta. Na uku, masan da ya cika a rufe shi shekara 2 kafin a yashe, sa'an nan ya zama takin da ba ya cutarwa, kada a kai ɗanyensa gona ko rafi. Na huɗu, a ɗaga bakin rijiya a rufe shi, a tafasa ruwan sha duk damina. Na biyar, kowace makarantar allo ta haƙa nata tun da rani, masu hali su sa shi cikin sadakarsu mai gudana.

Wanda wannan takarda ta shiga hannunsa ya karanta wa wanda bai iya ba, a kuma isar da ita cikin gida ga mata. Allah ya tsare mu daga annoba, ya sa mu cikin masu tsarki. Haza wassalamu.