"Ubangiji ya gaya mini": jumlar da ke kashe shawara

Akwai jumla guda wadda idan ta fito daga bakin Kirista a zauren shawara, zance ya mutu ke nan: "Ubangiji ya gaya mini." Da ita saurayi ke tare budurwa bayan koyon waƙa a majami'a, ya sanar da ita cewa ita ce matarsa. Da ita ma'aikacin banki ke ajiye aikinsa ya buɗe coci a shagon haya, da 'ya'ya huɗu a makaranta. Da ita mai ciwon suga ke zubar da maganinsa bayan taron farkawa. Uwa ta rasa ta cewa, dattijon ikkilisiya ya haɗiye abin da ke bakinsa, domin duk wanda ya yi musu ya tashi daga mai gardama da ɗan'uwansa ya koma mai ja da Allah. Ana ɗaukar wannan ɗabi'a a matsayin zurfin bangaskiya. A mafi yawan lokuta gudun nauyi ce da aka sa wa rigar ibada, kuma Littafi Mai Tsarki da ake jingina ta gare shi bai tsaya mata ba.

Neman ja-gorar Allah kafin babban mataki ba abin zargi ba ne. Wanda ya gaskata akwai Mahalicci da ya san ƙarshen al'amari tun kafin farkonsa, wauta ce ya zaɓi matar aure ko sana'a ko garin zama bai durƙusa ba. Inda gizo ke saƙar shi ne irin amsar da ake jira. An koya wa masu bi da yawa cewa Allah ya ɓoye wa kowa amsa ɗaya tak a kan kowace tambaya, kuma aikin mutum shi ne ya tono ta, ko ta mafarki, ko ta ayar da ido ya fara faɗawa a kanta idan an buɗe Littafi, ko ta "salama a zuciya", ko daga bakin wani da ake kira bawan Allah. Wanda ya kuskure ta, an ce, zai ƙare rayuwarsa a kan zaɓi na biyu. Wannan tunani ya girmi salon annabcin da ya cika majami'un Najeriya a yau, har ya kutsa ƙungiyoyin matasa na tsofaffin ikkilisiyoyin Arewa. Tun a 1980 wani malamin Littafi Mai Tsarki ɗan Amurka, Garry Friesen, ya rubuta littafi sukutum, Decision Making and the Will of God, yana ƙalubalantarsa. Hujjarsa ita ce Allah ya bayyana abin da ya halatta da abin da ya haramta a fili, kuma a cikin wannan da'ira ya bar wa mai bi 'yanci da hankali da alhakin zaɓi. Ba sai an yarda da duk abin da Friesen ya faɗa ba kafin a ga cewa labaran da ake kafa hujja da su suna faɗin akasin abin da ake sa su faɗa.

A ɗauki labarin Gidiyon a Littafin Mahukunta sura 6, wanda shi ne uwar hujjar masu neman alama. Ya shimfiɗa ulun tumaki a masussuka, ya roƙi raɓa ta jiƙa ulun kaɗai ƙasa ta kwana a bushe, daga baya ya nemi akasin haka. Abin da masu wa'azi kan tsallake shi ne Gidiyon ya riga ya san abin da aka umarce shi. Mala'ika ya aike shi ya ceci Isra'ila daga Madayanawa, ya kuma ga wuta ta fito daga dutse ta cinye hadayarsa. Ulun ya zo ne daga tsoro, shi da kansa ya sani, shi ya sa ya roƙi kada a yi fushi da shi kafin ya nemi alama ta biyu. Labarin haƙurin Allah da matsoraci ne. Ban da haka, abin da ya nema mu'ujiza ce da ta saɓa wa yadda raɓa ke sauka. Wanda ya ce "idan ta ɗaga waya kafin ta katse, to ita ce" bai shimfiɗa ulu ba, caca ya buga.

Haka zancen ƙofar da ta buɗe. Annabi Yunusa da ya gangara Yafa yana gudun aiken Allah, ya tarar da jirgin Tarshish a shirye, ga kuɗin jirgi a hannunsa. Ƙofa ba ta taɓa buɗewa mutum da sauƙi haka ba. Manzo Bulus kuwa ya faɗa wa Korantiyawa cewa ƙofar wa'azi ta buɗe masa a Taruwasa, amma ya bar ta ya wuce Makidoniya saboda hankalinsa bai kwanta ba da bai tarar da Titus a can ba. Bai ɗauki kansa mai saɓo ba don ya juya wa buɗaɗɗiyar ƙofa baya.

Yadda manzanni suka yanke manyan shawarwarinsu ya fi kowane labari koyarwa, kuma abin mamaki ne yadda ba a cika wa'azi a kansa ba. Sau ɗaya suka jefa ƙuri'a, wajen cike gurbin Yahuza, kuma ko a nan sai da suka gindaya sharaɗi, cewa wanda za a zaɓa ya kasance ya bi Yesu tun daga baftismar Yahaya, suka tace mutane zuwa biyu, sannan ƙuri'a ta faɗa kan Matiyas. Bayan saukowar Ruhu Mai Tsarki ba a sake jin ƙuri'a a Sabon Alkawari ba. Da rikicin rabon abinci ga gwauraye ya taso, jama'a aka sa ta zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawan suna da hikima. Da tambaya mafi girma ta ƙarni na farko ta taso, wato ko dole ne wanda ba Bayahude ba ya yi kaciya kafin ya sami ceto, sura 15 ta Ayyukan Manzanni ta nuna taro a Urushalima, da doguwar muhawara, da shaidar Bitrus, da rahoton Bulus da Barnaba, da Yakubu yana kawo hujja daga littafin annabi Amos kafin ya faɗi ra'ayinsa. Sai bayan duk wannan suka rubuta cewa Ruhu Mai Tsarki da su sun ga ya dace. A wurinsu gardama ta gaskiya hanya ce da Ruhu ke bi. A kan aure ma, wanda shi ne inda aka fi azabtar da matasa da neman wahayi, Bulus ya ce gwauruwa tana da 'yancin auren wanda take so, muddin mai bi ne. Sharaɗi ɗaya ya sa, sauran ya bar wa sonta.

Masu ɗaya ra'ayin suna da hujja ta gaske, kuma rashin adalci ne a ɓoye ta. Bulus ya ga wahayin mutumin Makidoniya da dare, Filibus an aike shi hanyar Gaza, Bitrus ya ga ru'ya kafin ya shiga gidan Karniliyus. Littafin ya yarda Allah yana magana kai tsaye idan ya so. Sai dai a duba yadda waɗannan suka zo. Babu ɗaya daga cikin mutanen nan da ya zauna ya naɗe hannu yana jiran alama kafin ya motsa. Bulus yana kan tafiyar da ya tsara ne aka tare shi. Irin waɗannan labarai 'yan kaɗan ne a littafin da ya ƙunshi kusan shekara talatin, kuma sun shafi yaɗuwar bishara a mahaɗar tarihi, babu wanda ya shafi sayen fili. Sabon Alkawari kuma bai taɓa cewa a karɓi annabci a rufe baki ba. An umarci Korantiyawa cewa idan annabawa suka yi magana sauran su auna, an umarci Tasalonikawa su gwada kome. Jumlar da ba ta yarda a auna ta ba ta riga ta fita daga wannan tsari.

Manyan bayin Allah ma sun yi tuntuɓe a nan. George Whitefield, mashahurin mai wa'azin farkawa na ƙarni na 18, ya tabbata a ransa cewa ɗan da matarsa ta haifa a 1743 zai zama babban mai wa'azi, ya sa masa suna John, ya kuma shelanta haka a gaban jama'a. Yaron ya rasu yana da wata huɗu, a Fabrairun 1744. Whitefield ya amsa daga baya cewa ya ɗora ayoyi a inda ba wurinsu ba. Jonathan Edwards ya riga ya gargaɗe shi tun 1740 a kan dogaro da abin da ya faɗo wa zuciya. John Wesley, wanda ya kafa Methodist, ya jefa ƙuri'a a Jojiya ta Amurka a Maris 1737 a kan ko ya auri Sophia Hopkey. Takardar da aka zaro ta ce ya cire zancen daga ransa. Ƙuri'ar ba ta cire ta daga zuciyarsa ba. Ta auri wani cikin kwanaki, bayan 'yan watanni ya hana ta jibin Ubangiji, aka kai shi ƙara, ya bar Jojiya kafin shekarar ta ƙare. Ikkilisiyar Morabiyawa, wadda Wesley ya ga al'adar a wurinta, ta daɗe tana tabbatar da aure da ƙuri'a, amma ita ma ta sassauta a 1818, ta daina ƙuri'a gaba ɗaya a 1889. Idan Whitefield zai iya ɗaukar burin uba a matsayin muryar Allah, babu dalilin da zai sa shugaban matasa mai shekara ashirin da shida ya ɗauki kansa ya fi ƙarfin wannan kuskure.

A Najeriya kuwa kuskuren yana da farashin da ake biya da jini. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar yana ɗauke da ƙwayar sikila, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da cutar duk shekara. Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na haifar mai SS. Lissafin a kan kowane ciki yake, ba ya la'akari da cewa na fari ya tsira ko bai tsira ba. Masoya biyu da suka san wannan, suka zauna da likita, suka auna abin da za su iya ɗauka, sannan suka yanke, sun yi abin da manya ke yi, ko wane ɓangare suka zaɓa. Amma wanda ya ajiye sakamakon gwaji a gefe don wani ya ce ya ga wahayi cewa jinin zai sauya, ya yanke hukunci ne a madadin yaron da ba a haifa ba, kuma mai wahayin ba zai kwana a asibiti ranar da ƙasusuwan yaron suka tashi ba. Yesu kansa, da aka kai shi ƙololuwar Haikali aka ce ya diro tun da akwai alkawarin kariya, ya ƙi, ya kira hakan gwada Allah.

Sai kuma tambayar da ba a son yi: wa ke cin riba? Wahayin aure kusan kullum yana zuwa ne wa wanda ya riga ya kamu da so, kuma kusan kullum yarinyar ce ake bari da zaɓi tsakanin mutumin da ba ta so da fushin Allah. Wahayin barin aiki sau da yawa yana zuwa ta bakin wanda ke neman ma'aikaci kyauta. Littafin Sarakuna na Ɗaya sura 13 ya ba da labarin tsohon annabin Betel da ya ce wa wani bawan Allah mala'ika ya yi masa magana, alhali ƙarya yake yi, kuma wanda ya gaskata shi ne ya mutu a hanya. Irmiya ya yi fama da masu cewa sun yi mafarki, da Hananiya da ya yi wa mutane albishir ɗin kuɓuta daga Babila cikin shekara biyu domin abin da suke son ji ke nan. Dokar da ta hana kama sunan Ubangiji a banza ta fi shafar wannan fiye da rantsuwar kasuwa. Makwabta Musulmi sun san irin wannan cuta: istihara raka'a biyu ce da addu'a da mutum ke yi da kansa, amma ga masu karɓar kuɗi su "duba" wa mutum ita su kawo masa mafarki, malamai kuma sun daɗe suna sukar hakan.

Abin da Wasiƙar Yakubu ta ce a roƙa idan an rasa shi ne hikima, Karin Magana kuma ta maimaita amfanin yawan mashawarta. Ignatius na Loyola, wanda ba za a zarge shi da ƙarancin ruhaniya ba, ya tanadi hanya a littafinsa na horon ruhu ga wanda bai sami wani haske na musamman ba: ya yi addu'a, ya jera amfani da illar kowane ɓangare, ya tambayi kansa wace shawara zai ba baƙon da yake so da alheri, da kuma wanne zai so a ce ya zaɓa ranar da yake kan gadon mutuwa. Wannan aiki ne mai wuya fiye da jiran mafarki, domin a ƙarshensa mutum zai ce "na yi addu'a, na yi shawara, na ga wannan ya fi", kuma wannan magana tana barin ƙofa ga uwa ta ce ba ta yarda ba, ga aboki ya tambayi inda kuɗin haya zai fito.

Ikkilisiyoyi da yawa a Arewa sun riga sun sa gwajin jini cikin sharuɗɗan ɗaurin aure, kuma sun yi daidai. Saura kwamitin aure da dattawa su koyi abin da za su yi idan aka jefa musu jumlar nan. Hakkinsu ne su tambayi mai maganar yaushe ya fara son yarinyar, kafin wahayin ko bayansa, su kira ta ita kaɗai su ji ko tana so, su kuma buƙaci ganin takardar asibiti ko da mafarkin ya zo sau bakwai.