Ku San Mutanenku: Mamane, mai ban dariya da ya ƙago ƙasa

Jama'a masu karatu, wannan wata filin naku zai kawo muku labarin Mamane, ɗan Nijar da ya yi suna da sana'ar ban dariya.

An haifi Mamane a Agadas a shekarar 1966. Ya yi karatu mai zurfi a kan tsirrai: yadda shuka take shan ruwa, take girma. Bayan haka ya tafi Faransa ƙarin ilimi. Can sai al'amura suka rikice masa. Takardunsa na zama suka ƙare, ya zama baƙo marar izini. Wanda ya taɓa zuwa cin rani ya san wannan zama na ɗar-ɗar.

Cikin wannan hali ya shiga wasan kwaikwayo. Ya fara rubuta abin da baƙo yake gani a ƙasar Turawa, ya hau dandali ya faɗa. Mutane suka yi ta dariya. A shekarar 2006 aka gan shi a telebijin ta Faransa cikin shirin Jamel Comedy Club.

A shekarar 2009 gidan rediyon RFI ya ba shi fili na ƴan mintoci. Nan ya kawo labarin wata ƙasa da ya ƙago, mai suna Gondwana. Babu ita a taswira. Shugabanta ba ya sauka daga kujera. Kullum aka yi zaɓe shi ne da nasara. Fadawa suna ci, talaka yana kallo. Mamane ba ya buƙatar kiran sunan kowa. Mai saurare a kowace ƙasa shi zai ce: "Af, ai wannan na san shi!"

Dabarar ba baƙuwa ba ce. Ɗan kama a kasuwa yakan faɗi abin da dattijo yake jin nauyin faɗi, a yi dariya, saƙo kuwa ya isa. Bambancin shi ne Mamane da alƙalami yake farawa. Sai ya zauna ya rubuta, ya gyara, kafin ya buɗe baki.

Bai tsaya shi kaɗai ba. A shekarar 2015 ya kafa bikin masu ban dariya a Abijan. A 2016 ya fara shirin telebijin na majalisar dariya, tare da Michel Gohou da Digbeu Cravate na Kodibuwa da Charlotte Ntamack ta Kamaru. Samari da ƴan mata da yawa sun samu wurin nuna gwanintarsu. A 2017 ya fito da fim a kan zaɓe a Gondwana, wanda shi ya rubuta, shi ya shirya.

Saboda haka, iyaye, in yaro yana da baiwar sa mutane dariya, kada a ce masa shashasha. A bar shi a lakwal, a sa masa ido. Baki mai daɗi in ya haɗu da alƙalami, sana'a ce.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.