Filin Mata: In Taya Ta Yi Faci A Hanya

Makon nan mun ajiye zancen tukunya, zancen tayar mota za mu yi. Na san wata za ta ce, "Malama, ina ruwan mace da taya?" To, ki dubi motocin da ke tasowa daga Ƙauran Namoda, su bi ta Moriki, su nufi Shinkafi ran Alhamis, ranar kasuwa. Ai mu ne cike da su, ga goyo ga kaya. Kadan taya ta yi faci, mu da 'ya'yanmu ne a bakin titi. Ga shi kuwa a shekarun nan 'yan bindiga sun sa ba mai son daɗewa tsaye a daji, ko a hanyar nan ko a ta Zurmi. Wayar hannu ma ba kullum ta ke ceto ba, gama a 2021 an rufe layukan waya a Zamfara har makonni. Saboda haka aikin da bai kai rabin sa'a ba kada rashin sani ya mai da shi na sa'a biyu.

Tun daga gida a ke farawa. Kadan motar maigida ce, ki tambaye shi cikin ladabi ko safaya na da iska, ko jak da sifana suna ciki. Safayar da ba iska kaya ce kawai. Ki kuma dubi gefen taya, za ki ga lamba huɗu a jere. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Watau 2319 na nufin an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar taya, ko zanenta bai suɗe ba, zafin kwaltar bazara ya kan fasa ta.

Da jin faci, kada direba ya danna birki da ƙarfi. Ya riƙe sitiyari da kyau, ya rage gudu sannu, ya sauka daga kwalta. Ban da kwana, ban da gangara. In wurin bai kwanta muku a rai ba, gara a lallaɓa a hankali zuwa ƙauye na gaba, ko da tayar za ta lalace. Wata tayar na nan kasuwa.

Nan ne aikinmu ya ke. Kowa ya sauka ta ƙofar da ba ta fuskantar titi. Ki tattara yara can nesa, ki riƙe hannun ƙaramin, don yaro ba ya ganin mota sai ta iso. Kada a bar kowa a ciki, ko tsohuwa ce, gama motsi kaɗan ya isa ya zame da jak. A ja birkin hannu, a sa giya, a tokare tayar da ke kusurwar nesa da dutse. A kafa alamar nan mai kusurwa uku can baya. In babu, ganye ya yi, amma a kwashe shi in an gama.

Sa'an nan ga kuskuren da ya fi yawa: a ɗaga mota tukuna, a zo ana kokawa da noti. A'a. Tun taya na ƙasa a ke sassauta su, a juya hagu, rabin juyi kawai. Bayan haka a ke kafa jak, a wurin da aka yi dominsa, kusa da tayar. Ƙasarmu kuwa kun san ta, rairayi da rani, laka da damina, jak nutsewa ya ke yi. Guntun katako mai faɗi shi ne magani. Ni a ganina ya kamata kowace mota ta riƙa yawo da shi kamar yadda mace ba ta tafiya ba zane na biyu.

Mota ta tashi, a kwance notin, ki riƙe su a faranti ko a bakin zane, don in ɗaya ya faɗa rairayi sai an yi ta tono. A tura tayar da aka cire kwance ƙarƙashin mota, ko da jak zai zame. Kada kowa ya sa ƙafa ko kai a ƙarƙashi. A saka safaya, a ɗaura notin da hannu, a sauke mota, sa'an nan a matse su da sifana, wannan da na daura da shi, ba bi da bi ba.

Wasu motoci safayarsu 'yar siririya ce, ba a wuce kilomita 80 a sa'a da ita. Da isa Shinkafi ko Ƙaura, a tsaya wurin mai faci tun kafin a shiga kasuwa, ya gyara wadda ta fashe, ya kuma sake taɓa notin nan.

Ku 'yan makaranta, ran Asabar ku roƙi Baba ko Yaya ya nuna muku a ƙofar gida, kowace ta kama sifana da hannunta.