Ruwan Rijiyar Mai Ba Ruwan Kanwa Ba Ne

'Yan'uwa fatake da dillalai,

Akwai maganar da ba mu cika yi a kara ba, alhali kuwa ta shafi aljihunmu. Duk inda aka haƙo man fetur, da ruwa yake fitowa, sau da yawa ma ruwan ya fi man yawa. Gishirinsa yakan zarce na teku, ga ragowar mai, ga magungunan da ake ɗura wa rijiya. Kada wani ya ce ai shanu na son kanwa. Wannan daban ne.

Ku tuna Badila, a kudancin Chadi. A watan Satumba na 2018 gaɓar tafkin da kamfani ke tara irin wannan ruwa ta fashe, lita miliyan 85 ta malala cikin gonaki da kogin Nya Pende. Mutanen ƙauyuka suka yi kukan ƙuraje a jiki da mutuwar dabbobi. To, bijimin da ya sha can bai mutu ba, ina ya nufa? Hannunmu mana! Mu za mu saye shi, mu biya kuɗin mota da na kan iyaka, ya je ya rame mana a Maiduguri. Wa za ka kama?

A Amurka, Ma'aikatar Makamashi tana ba jami'o'i kuɗi su binciko yadda za a tace ruwan nan. Jihar New Mexico ta kafa ƙungiyar bincike a kansa a 2019. Su ma ba su huta ba: a Oklahoma, tura shi ƙarƙashin ƙasa da aka yi ta yi ya jawo girgizar ƙasa.

Mu fa? Nijar na haƙo mai a Agadem tun 2011, Chadi a Doba tun 2003, duk a ƙasar kiwo. A ganina, daga kuɗin man nan ya kamata gwamnati ta ware wani abu, ta ba masanan jami'o'inmu da likitocin dabbobi, su riƙa auna ruwan mashaya da rijiyoyin da ke kan burtali, rani da damina. Sakamakon kuma kada a kulle shi a ofis da Faransanci. A karanta a rediyo, da Hausa da Fulatanci da Larabci, a kafa alama a bakin duk mashayar da ta gurɓata.

Ina roƙon shugabannin ƙungiya su sa wannan batu a taro mai zuwa, a rubuta wa ma'aikatun kiwo takarda.