Cape Verde: Harshen Da Kowa Ke Ji Bai Zama Na Hukuma Ba

Tun 1975 Cape Verde ta samu 'yanci daga Portugal, amma har yau Fotugis ne kaɗai harshen hukuma. A gida da kasuwa kuwa, Kriolu ake yi, harshen da ya samo asali daga cuɗanyar Turawan Portugal da bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma.

Yara ne abin ya fi shafa: da Kriolu suke tashi, da Fotugis ake koyar da su.

Gwamnati ta amince da haruffan rubuta Kriolu a 2009, sai dai batun karin harshe ya hana ruwa gudu. Na tsibirin Santiago daban yake da na São Vicente, kuma mutanen São Vicente na fargabar a fifita na Santiago, inda babban birnin ƙasar yake.