Dumama nonon gudummawa: abin da jarirai ke samu ya fi abin da ake rasawa

Bakwaini da mahaifiyarsa ta rasu ko nononta bai kawo ba yana cikin haɗari. Hanjinsa bai yi ƙwari ba, kuma madarar gwangwani na ƙara masa barazanar ruɓewar hanji. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar a ba irin waɗannan jarirai nonon wata mace idan na uwa bai samu ba.

Sai dai nono na iya ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau da wasu cututtuka. Don haka cibiyoyin adana nono kan gwada jinin mai bayarwa, sannan su dumama nonon a zafin digiri 62.5 na tsawon minti 30. Hakan na kashe ƙwayoyin cutar.

Masu suka na cewa zafin na rage amfanin nonon, kuma suna da gaskiya. Ƙwayoyin garkuwa masu rai na mutuwa, sinadarin da ke taimaka wa jariri narkar da maiƙo na lalacewa, wani ɓangare na sinadaran garkuwa ma na raguwa. Amma sukarin nono da yawancin maiƙonsa na nan daram, kuma nonon da aka dumama ya fi madarar gwangwani kare hanjin bakwaini. Inda ya gaza wajen ƙara nauyin jariri, likitoci kan ƙara masa sinadaran gina jiki.

Brazil ta fi kowace ƙasa yawan irin waɗannan cibiyoyi, Kenya kuma ta buɗe tata a asibitin haihuwa na Pumwani da ke Nairobi a 2019.

A ƙasashen Musulmi, babbar tambayar ita ce 'yan'uwantakar shayarwa da ke haramta aure. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta haramta irin waɗannan cibiyoyi a 1985 saboda fargabar cakuɗewar nasaba. Kuwait da Malesiya sun bi wata hanya: ba a gauraya nonon mata barkatai, ana rubuta sunayen mai bayarwa da jaririn da ya sha, iyalai su san juna.

Wannan tsari ne ya kamata asibitocin koyarwa na arewacin Najeriya su zauna da malamai su duba, domin al'ummar ta daɗe da sanin shayar da ɗan wata. Amma dole a tanadi wutar lantarki mai ɗorewa, ganin cewa nonon da aka dumama zai iya lalacewa idan firji ya mutu.